Daga Dajin Burma Zuwa Juba: Sojan da Doka Ta Ɗaure wa Hannu

A shekarar 1944 aka naɗa Usman Nagogo Sarkin Katsina, bayan rasuwar mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko. Rawani bai gama zama a kansa ba ya kama doguwar hanya: Ingila, Masar, Indiya, har ƙasar Burma, wadda ake kira Myanmar yanzu. Ya je ne gaida sojojinmu da Turawa suka kwasa suka kai can su yaƙi Japan. Yawancinsu 'yan Arewa ne, kuma ko wanda ba Bahaushe ba da Hausa yake karɓar umarni, don a lokacin ita ce harshen bariki. Runduna biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, cikin dajin da rana ba ta sauka ƙasa, kaya a kai, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Bataliya uku ta Najeriya kuma aka haɗa su da rundunar Chindit, aka sauke su da jirgi a bayan abokan gaba. Tsofaffinmu ba sa cewa Burma, “Bama” suke cewa, sai yaro ya ɗauka ta Barno ake nufi. Har gobe sunayen wuraren nan suna kan barikokinmu: Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Legas.

Na faro daga nan ne don mai karatu ya san cewa Japan ɗin da zan ba da labarinta ba baƙuwa ba ce gare mu, kuma ba da sanyin hali aka san ta ba. Waɗanda suka dawo daga Bama suna faɗa wa jikokinsu cewa sojan Japan ba ya ɗaga hannu, sai dai a tarar da gawarsa a rami. Wannan ƙasa ce ta mamaye Koriya, ta shiga Sin ta yi ɓarnar da har yau ba a yafe mata ba, ta kai wa Amurka hari a 1941. Ƙarshenta ya zo a watan Agusta 1945: bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6, a Nagasaki ranar 9, ranar 15 ga wata Sarki Hirohito ya sanar a rediyo cewa an miƙa wuya.

Janar MacArthur na Amurka ya zama wuƙa da nama a Tokyo. A watan Fabrairu 1946 ma'aikatansa suka zauna, cikin kusan mako guda suka tsara daftarin sabon kundin tsarin mulki, majalisar Japan ta yi masa gyare-gyare, ya fara aiki ranar 3 ga Mayu 1947. Sashe na 9 shi ne zancenmu. Abin da ya ƙunsa a taƙaice: al'ummar Japan ta yafe yaƙi har abada, ba za ta yi amfani da ƙarfi ko barazana wajen warware rikici da wata ƙasa ba, kuma ba za ta ajiye sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama ba. Masana tarihi na ta gardama kan ko shawarar MacArthur ce ko ta Firaminista Shidehara. Ni a ganina gardamar ba ta da nauyi sosai. Baƙo ne ya kawo rigar, amma talakan Japan, wanda ya binne 'ya'yansa ya ga birninsa ya koma toka, shi ne ya sa ta ya ƙi cirewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ba a je ko'ina ba Amurkar da ta rubuta dokar ta fara cizon yatsa. Yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, ta kwashe sojojinta daga Japan zuwa fagen daga, sai ta ce a kafa “'yan sandan ko-ta-kwana” mutum 75,000. A 1954 suka rikiɗa suka zama Rundunar Kare Kai. A lura da sunan. Suna da kaki, suna da bindiga, daga baya har da jiragen yaƙi da na ruwa, amma a takarda ba soja ba ne. Daga wannan rana wasa da kalma ya zama abokin tafiyar Japan. A shekarar ce kuma majalisar dattawanta ta zartar da ƙuduri cewa ba za a tura rundunar nan wajen ƙasa ba. Shi ya sa a 1958, shekara biyu da shigarta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Sakatare Janar Dag Hammarskjöld ya roƙi hafsoshi ƙalilan su je Lebanon sa ido kawai, Tokyo ta ce a yi haƙuri.

Mu kuwa a nan ko jiran tutar 'yanci ta gama bushewa ba mu yi ba. An ba Najeriya mulkin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7, kafin shekara ta fita sojojinmu suna Kongo. Aguiyi-Ironsi ya jagoranci bataliya a can, a 1964 ya zama kwamandan rundunar Majalisar baki ɗaya. Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Olusegun Obasanjo, da Muhammadu Buhari ɗan Daura, wanda ya yi sakandarensa a nan Katsina, duk sun taka ƙasar Kongo da shuɗiyar hula. A sake duba sunayen nan biyar: kowannensu ya zo ya mulki Najeriya da kaki. Ban ce Kongo ce ta koya musu ba. Amma sun ga yadda soja ke zama alƙali a ƙasar da 'yan siyasa suka kasa, kuma ido ba ya manta abin da ya gani. Ɗan Sarki Nagogo ma, Hassan Usman Katsina, wanda yake ɗan shekara 11 lokacin da mahaifinsa ya je Burma, soja ya shiga, ya zama Gwamnan Arewa a 1966.

Japan ta yi shekara kusan 40 tana ƙera mota da rediyo, tana tara dukiya, Amurka na gadinta da dubban sojoji, mafi yawansu a tsibirin Okinawa. Wannan ma gaskiya ce da masu yabon zaman lafiyar Japan ba su cika son faɗa ba: mai barci da ƙofa a buɗe, akwai wanda ke zaune a zaure da sanda.

Abin da ya tashe ta daga barcin shi ne mamayar da Saddam Hussein ya yi wa Kuwait a watan Agusta 1990. Mafi yawan man da Japan ke sha daga yankin Gulf yake zuwa, don haka Amurka ta ce ta kawo mutane. Firaminista Kaifu ya kai ƙudurin doka majalisa, ya mutu a can. Sai aka buɗe baitulmali, Japan ta biya dala biliyan 13, har da ƙara wa jama'arta haraji. Nijar, maƙwabciyarmu da ba ta da ko kwatankwacin wannan kuɗi a mafarki, ta tura sojoji 'yan ɗaruruwa Saudiyya. Da yaƙi ya ƙare, a watan Maris 1991, gwamnatin Kuwait ta sayi shafi a jaridun Amurka ta jera ƙasashe kusan 30 tana musu godiya. Babu sunan Japan. Duk wanda ya taɓa kai gudummawa mai tsoka gidan biki, maroƙi ya yi ta kiran sunaye ya tsallake nasa, ya san irin wannan ciwo. Manyan Tokyo ba su manta ba, kuma shekara da shekaru duk lokacin da ake son sassauta doka sai an tono zancen shafin nan. Wata guda bayan fitowar shafin suka tura jiragen ruwa masu share nakiya zuwa Gulf, bayan an daina harbi.

A watan Yuni 1992, zamanin Firaminista Miyazawa, aka kawo dokar shiga ayyukan wanzar da zaman lafiya. Jam'iyyar 'yan gurguzu da ta 'yan ra'ayin jama'a suka ga ba su da rinjayen da za su kayar da ita, sai suka ɗauko wata dabara da Japanawa ke kira “tafiyar sa”, mu da tafiyar hawainiya za mu ce. A majalisarsu kowane wakili tashi yake ya taka zuwa gaba ya miƙa ƙuri'arsa. To sai dattijo ya miƙe cikin kwat, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai taka ƙaya, ya ajiye, ya tsaya, ya gyara tabarau, na bayansa na jira, shugaban majalisa na kira, wasu na gyangyaɗi a kujera, gari ya waye ana abu ɗaya. Ƙuri'a guda ta ci awa 13. Duk da haka doka ta wuce, amma da tarnaƙi biyar a ƙafarta: sai an riga an tsagaita wuta; sai ƙasar da ɓangarorin da ke faɗa sun yarda Japan ta zo; ba ɗaukar ɓangare; in ɗaya daga cikin ukun nan ya rushe a tattara a dawo gida; makami kuma sai don kare rai, gwargwadon larura. A farkon dokar ma hafsa ba shi da ikon cewa a buɗe wuta. Kowane soja shi zai yanke wa kansa hukunci ko ransa na cikin haɗari, kuma shi zai amsa tambaya a kotu. Sai a 1998 aka gyara wannan. Ka faɗa wa sajan a barikin Natsinta haka ka ga irin kallon da zai yi maka.

Kambodiya aka fara zuwa, inda wani ɗan Japan, Akashi Yasushi, ke shugabantar aikin Majalisar gaba ɗaya. Injiniyoyin soja 600 suka sauka a Takeo da katafila suna gyaran hanya da gada, tare da 'yan sanda 75. Jini ya zuba, amma ba na soja ba. Ranar 8 ga Afrilu 1993 aka harbe Nakata Atsuhito, saurayi ɗan shekara 25 mai aikin sa kai na shirya zaɓe. Ranar 4 ga Mayu aka yi wa ayarin 'yan sanda kwanton ɓauna, Takata Haruyuki ya mutu. Japan ta ɗauki zafi, ana ta cewa a dawo da yara, Miyazawa ya dage aka zauna har zaɓe. Sai ga matsala: akwai fararen hula 'yan Japan masu sa ido a rumfunan zaɓe, doka kuma ba ta ba sojan ƙasarsu damar gadinsu ba. Mafitar da aka samo ita ce sojoji su riƙa zagaya rumfunan da sunan “tattara bayanai” kan lafiyar hanya. In an kawo hari suna wurin, to ransu ne ke cikin haɗari, sun sami hujjar harbi.

A 1994, bayan kisan kiyashin Ruwanda, aka tura tawaga Goma a ƙasar Zayar don taimakon 'yan gudun hijira. Wuri ne da makasan da suka tsero ke yawo da makamai cikin sansani. A Tokyo kuwa muhawarar da ta cika majalisa ita ce: bindiga mai jigida ɗaya za a tafi da ita ko biyu? Aka tsaya a ɗaya. Daga nan sai Tuddan Golan daga 1996 zuwa 2013, Timor ta Gabas, Haiti, duk aikin jigila da gini. A 2004 Firaminista Koizumi ya tura mutum kusan 600 garin Samawa na Iraƙi, ba ƙarƙashin shuɗiyar hula ba, don tace ruwan sha da gyaran makarantu, sojojin Holan na gadinsu, daga baya na Birtaniya da Ostireliya. Dokar ta ce sai yankin da ba a yaƙi. Da 'yan adawa suka matsa masa ya faɗi inda ba a yaƙi a Iraƙi, amsar da ya bayar ita ce duk inda rundunar take, nan ne ba a yaƙi.

A shekarun nan mu wani irin wanzar da zaman lafiya muke yi. A watan Agusta 1990, watan da Saddam ya shiga Kuwait, rundunar ECOMOG ta ƙasashen ECOWAS ta sauka a tashar jirgin ruwan Monrovia ta Laberiya ana yi mata ruwan wuta. Babu zaman lafiyar da za a kiyaye. Ranar 9 ga Satumba mutanen madugun 'yan tawaye Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe a harabar hedikwatar rundunar, sai Babangida ya tura Janar Joshua Dogonyaro, aka fito da igwa da jirgin yaƙi. A 1998, ƙarƙashin Abacha, sojojinmu suka kori sojojin da suka yi juyin mulki a Saliyo suka mayar da zaɓaɓɓen shugaba Tejan Kabbah kan kujera, alhali a gida ba mu da zaɓaɓɓen. Ba majalisar da aka tambaya, don babu ita. Daga baya gwamnatin Obasanjo ta ambaci dala biliyan 8 a matsayin abin da aka kashe. Mutanen Monrovia da Freetown da yawa suna raye yau saboda yaranmu, wannan ba a musu. Amma iyalai nawa ne a Arewa aka kawo musu jaka da takalmi ba tare da cikakken bayani ba?

Aikin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ma ya canja. Kunyar Ruwanda da Srebrenica, inda masu shuɗiyar hula suka tsaya ana yanka mutane, ta sa tun daga aikin Saliyo na 1999 aka fara rubuta wa runduna cewa ta kare farar hula ko da ƙarfin bindiga. Wato aiki ya koma irin na Najeriya, dokar Japan kuwa an ɗinka ta ne don duniyar da aka tsagaita wuta kowa ya koma gefe. Farashin sabon salon mun biya shi. A ƙarshen Satumba 2007, cikin azumi, watanni kaɗan da hawan Umaru Musa 'Yar'aduwa mulki, 'yan tawaye suka afka wa sansanin Tarayyar Afirka a Haskanita ta Darfur, suka kashe sojoji 10, bakwai 'yan Najeriya.

A Sudan ta Kudu rigar ta yage. Ƙasar ta sami 'yanci a watan Yuli 2011, a farkon 2012 injiniyoyin Japan kusan 350 suka sauka Juba suna shimfiɗa hanya da haƙa magudanar ruwa. A Disamba 2013 Shugaba Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar suka juya wa juna bindiga. Sojojin Koriya ta Kudu da ke garin Bor suka ga harsashinsu ba zai isa ba, Japan ta ba su 10,000 ta hannun Majalisar; abin ya zama rigima a Tokyo da Seoul duka, bayan 'yan makonni aka mayar mata da kayanta. A 2015 Firaminista Abe Shinzo ya tura sababbin dokokin tsaro ta majalisa, dubun dubatar mutane na zanga-zanga a ƙofarta. Cikin abin da suka halatta har da sojan Japan ya ruga ya ceci ma'aikatan agaji in an kai musu hari nesa da sansani. Abin da kowane kurtu a duniya ke ɗauka wajibi, su sai da aka yi shekara 23 kafin a rubuta musu shi.

Sai Yuli 2016. Kwana huɗu ana ɓarin wuta a tsakiyar Juba da tankoki da jirage masu saukar ungulu. Mutane kusan 300 suka mutu, ciki har da sojojin Sin biyu na Majalisar. Sansanin Japan na kusa da filin jirgin sama, harsasai na wucewa ta samansa. Kowace rana akwai hafsan da ke zama gaban kwamfuta ya rubuta rahoton yini ya aika gida, kuma mutumin nan ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Kalmar da ya sa ita ce “sento”, wato yaƙi. Kalma ɗaya ce, amma in ta tabbata, tarnaƙin farko ya tsinke, doka ta ce a dawo.

Wani ɗan jarida, Fuse Yujin, ya nemi a ba shi rahotannin bisa dokar 'yancin samun bayanai. A Disamba ma'aikatar tsaro ta ce an riga an zubar da su. A Fabrairu 2017 sai ga su sun fito. Ministar tsaro Inada Tomomi ta tsaya gaban majalisa ta ce a ma'anar doka ba yaƙi aka yi ba, “arangama da makamai” ce, har ta furta cewa ana guje wa waccan kalma ne don kada ta ci karo da Sashe na 9. A watan Maris Abe ya sanar da janye rundunar, ya ce aikin hanya ne ya kai inda ake so. Ƙarshen Mayu kowa ya koma gida. Bincike ya nuna an ɓoye takardun da gangan, ranar 28 ga Yuli 2017 ministar ta sauka, babban sakataren ma'aikatar da hafsan hafsoshin sojan ƙasa su ma suka tafi.

Tun daga lokacin Japan ba ta sake tura runduna aikin Majalisar ba. Abin da ya rage hafsoshi ne da za a ƙirga da yatsu a hedikwatar Juba. A 2024 tana biyan kusan kashi 8 cikin 100 na kuɗin ayyukan wanzar da zaman lafiya, ita ce ta uku bayan Amurka da Sin. Tana koya wa sojojin Afirka tuƙin katafila a Nairobi. Gadar da ta gina a kan kogin Nilu a Juba an buɗe ta a 2022. A shekarar ce kuma ta yanke shawarar ninka kuɗin tsaronta zuwa kashi 2 cikin 100 na arzikin ƙasa, don tsoron Sin da Koriya ta Arewa. Sashe na 9 yana nan, ba a taɓa ko wasali ɗaya a cikinsa ba tun 1947, kuma rundunar ba ta taɓa kashe mutum a fagen yaƙi ba.

Ba na cikin masu yi wa wannan tsari tafi. Ƙasar da ke da jirgi da kuɗi da horo ta tsaya a bayan katafila, ɗan Bangaladash da ɗan Ruwanda da ɗan Najeriya su tari harsashi, wannan rabo ne na kura da akuya. Dokar ta kuma mai da manyan mutane masu murɗa harshe, suna tura yaransu cikin wuta suna cewa hayaƙi ne. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A can, littafin da soja ya rubuta a sansani ya kayar da minista. Kafin a ɗaga bindiga ɗaya sai an kwana ana gardama a gaban jama'a. Mu da muka fi su jarumta a wannan fage, wa ya taɓa ganin rahoton yini na Monrovia ko na Haskanita?

Mu ma dai muna da namu tarnaƙin, ko da bai kai nasu ƙarfi ba, kuma mutanen Katsina sun ga ranarsa. Kundin 1999, sashe na 5, ya ce ba a tura sojan Najeriya yaƙi wajen ƙasa sai da amincewar Majalisar Dattawa, in ban da halin gaggawa, shi ma sai an koma gare ta cikin kwana 7. Da sojoji suka kifar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda tana maganar amfani da ƙarfi, da sunan maido da dimokuraɗiyya. Aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi layi a hanyar Jibiya, albasa da tumatir na ruɓewa a ciki. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar da ba ta kai ta Kano ba ce, kuma sarkin can har yau Sarkin Katsina ake ce masa, don zuriyar sarakunan nan ne da suka fita bayan jihadi. Wa za a harba, kawu ko suruki? Sanatocin Arewa suka ce ba da su ba, malamai da sarakuna suka shiga tsakani, ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu. Ba a yi yaƙin ba, a watan Maris 2024 aka buɗe iyaka.

Don haka ɗan'uwa mai karatu, in ka sake jin ana shirin tura yaranmu wata ƙasa, ko da wane suna aka raɗa wa tafiyar, nemi sanatan mazaɓarka ka tambaye shi ko an kawo maganar gabansu, da abin da ya ce, da kuma wanda zai karanta rahoton in sun dawo.